Randar Shalva ta Farko

Ƙafafun Shalva muka fara gani, suna harbin iska daga bakin randa. Matarsa Tsiala ce ta ƙwala mini kira ta kan katanga, ta ce in zo, tsohon ya sake maƙalewa.

Randar irin wadda muke binnewa a ƙasa ce har wuya don giyar inabi, kuma sai an shiga ciki ake wanke ta. Ni da 'ya'yansa biyu, Gocha da Vazha, muka kama muka ja.

"A hankali, 'yan banza," in ji shi daga ciki. "In kun fasa mini baki, sai na binne ku a madadinta."

"Bakinka ko na randar, Baba?" in ji Gocha.

"Nawa ai ya gama aiki."

Ya fito jiƙe sharkaf, yana rawar ɗari. Daga wannan sanyin bai sake tashi ba.

Shalva ne ya kafa gidan yin giyar nan, shekarar da aka raba gonakin gwamnati. Ya samu fili mai duwatsu, ya sayar da babur ɗinsa ya sayi randuna, Tsiala ta sayar da keken ɗinkinta aka sayi dashen inabi. Giyar farko da suka matsa ya zuba a wata ƙaramar randa a kusurwa, ya liƙe murfin da yumɓu, ya ce ba za a buɗe ba sai ranar jana'izarsa.

Yana kwance rigima ta tashi. Gocha na son a sayar da gidan da gonar ga wani kamfanin giya mai tankunan ƙarfe, Vazha ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa. Shalva ya kira su bakin gado, ya ce randar farko za ta raba gardama: in ta yi daɗi, a ci gaba da aikin yadda ya bari; in ta lalace, a sayar. Ya sa suka rantse, sannan ya nemi a juya gadon ya fuskanci gona. Kafin a gama juyawa ya cika.

Ranar jana'iza, bayan an dawo daga maƙabarta, gari duka ya cika tsakar gida. Gocha ya fasa yumɓun yana murmushi, don ya tabbata tsami zai tarar. Aka ɗebo, aka cika ƙahon da muke shan giya da shi, aka miƙa wa limamin coci. Ya sha, ya rufe ido, ya miƙa ƙahon a ƙara masa. Gocha ya kurɓa, fuskarsa ta sauya, ya sake kurɓa, sai ga hawaye. Ya rungume ƙanensa ya ce ba za a sayar da ko karan inabi ɗaya ba.

Na shiga kicin ɗauko gurasa, na tarar da Tsiala tana dariya a cikin gyalenta.

"Inna, lafiya?"

"Rufe ƙofa, ɗan nan." Ta nuna mini kwalaben kabeji da ke jere a kan kanta. Ta ce giyar farko tun ba ta shekara ba ta zama ruwan tsami, da ita ta yi ta jiƙa kabeji har yaran suka girma. Shalva kuwa kunya ta hana shi faɗa. Duk kaka sai ya tsallaka kogi wurin wani mai shuɗiyar mota, ya sayo mafi kyawun giyarsa, ya sake cika randar, ya liƙe.

"Shi mai motar ya san abin da ake yi da ita?"

"Ina fa. Amma ko a cikin rijiya ka ɗiga giyarsa, sai ya gane ta."

Na fito da gurasa. Vazha na tsaye kan benci yana shelar cewa sunan wannan giyar za a liƙa a kowace kwalba. A bakin ƙofa wata shuɗiyar mota ta tsaya. Wani dogon tsoho ya fito, ya cire hularsa, ya yi gaisuwa. Baƙo ba ya tsayawa hannu wofi a gidan makoki, don haka Gocha da kansa ya cika ƙaho ya kai masa.

Tsohon ya kai ƙahon hanci. Bai sha ba. Ya daɗe yana kallon ƙaramar randar da ke kusurwa, sannan ya ja kujera ya zauna.