Kurakuran Aro

Ranar da aka karɓe makullin ɗakin kwamfuta daga hannun Malama Taswira, da rubutun hannunta aka ci ta.

Yara ne suka laƙaba mata sunan, don ita ke koyar da labarin ƙasa, kuma ita kaɗai ce a makarantar ke iya sa majigi ya shimfiɗa duniya sukutum a jikin bango. Akwai wata tsaka da ke son hasken. Da an kunna sai ta sauko ta bi ta kan taswirar, ta ƙetare teku ba jirgi, ta tsaya a kan wani tsibiri tana haki. Yara su yi ta musu a kan ƙasar da za ta yada zango.

Malama tana da wata ɗabi'a. Kullum aka tashi, kafin ta ɗauki jakarta, sai ta zauna ta rubuta a shafinta na intanet abin da ya ƙi a darasin ranar, da yadda za ta gyara gobe. Ba ta ɓoye komai. Malamai daga wurare masu nisa, waɗanda ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, sukan amsa mata. Ita abin har mamaki yake ba ta, a ce mutum ya saki magana a iska ta je ta sauka a tafin hannun wani.

Mataimakin shugaba ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan makullin nan, don duk baƙon da ya zo makarantar ɗakin ake fara nuna masa. A taron malamai ya miƙe, ya zaro wayarsa, ya gyara murya.

"Ku saurara, ba ni na faɗa ba. 'Yau na ɓata rabin darasi ina neman igiyar da ta dace.' Ga wani. 'Na cika yara da hotuna har ba wanda ya riƙe ko ɗaya.' Ga wani kuma. 'Anya na san abin da nake yi?' To, Malama, mu ma tambayar da muke yi ke nan."

Aka kwashe da dariya. Malamin lissafi, wanda ita ta koya masa buɗe kwamfuta, har da buga tebur. Shugaba mutum ne da ba ya son rigima, ya miƙa hannu kawai, ta zare makullin daga zoben ta ba shi, shi kuma ya tura wa Mataimaki.

Da ta koma gida ta tarar da yayarta a kan keken ɗinki. Ta labarta mata komai, idonta a bushe.

"Ke ma dai, Auta, wa ya aike ki?" in ji Yaya, allura a baki. "Mutane na wanke tsummansu a bayan ɗaki, ke kin shanya naki a bakin titi. Goge shafin nan ki huta."

"Ko wasali ba zan goge ba."

"To ba ni shi rana ɗaya, in ɗinke masa baki da zare mai kauri."

"A'a, Yaya. Bakin nan ina da aiki da shi. A bar mini shi a buɗe."

Ta koma ga alli da allo, tana zana koguna da hannu. Ɗakin kwamfuta kuwa ya zama kamar ɗakin ajiya. Mataimaki ya lulluɓe na'urorin da mayafai, ba a buɗewa sai in an yi baƙi. In ta wuce ta gaban ƙofar sai ta gaishe shi da ladabi har da rusunawa.

Ana nan sai aka turo wata mai horar da malamai, doguwa, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ta ce kowane malami ya buɗe shafi yana rubuta yadda darasinsa ya kasance, musamman wanda ke riƙe da ɗakin kwamfuta. Mataimaki ya nuna mata abin da ya rubuta a gurguje: darasi ya yi kyau, yara sun gane.

"Wannan ai ba komai a ciki," ta ce. "Ina kurakuran? Malamin da ba ya kuskure da na'ura, bai taɓa ta ba ne. Zan dawo ƙarshen zango in gani."

Nan fa ido ya raina fata. Mutumin da bai taɓa kunna majigi ba, ina zai samo kuskure da majigi? Kurakurai masu kyau, nunannu, a wuri ɗaya kawai suke a makarantar.

Ba a daɗe ba Malama ta ga tsofaffin rubuce-rubucenta sun fara tsirowa a shafinsa. Layin farko kawai yake taɓawa, ya mai da aji biyu aji uku. Takan hango shi ta taga lokacin shan iska, kofin shayi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana jan rubutu daga nan ya zube can. Wata rana ta karanta a shafinsa cewa ɗan kunnensa ya faɗa cikin fankar majigi. Ta kai wa Yaya, Yaya ta yi dariya har ta ɗinke hannun riga a wuya.

"Je ki nuna wa shugaba!"

"Shugaba zai ce a yi haƙuri. Ni a gaban mutane aka karanta ni."

Ta bar shi ya yi ta kwasa har rumbun ya ƙare. Ta daina rubuta komai game da na'ura, tana kallonsa yana leƙa wayarsa yana tsaki. Sai ana gobe mai horo za ta dawo, daidai lokacin shan iska, ta saki sabon rubutu mai tsawo. Farkonsa kamar kullum: majigi ya ƙi, yara sun yi surutu. Ta tsaya a bakin taga. Ya ajiye kofi, ya ja, ya zube. Da ta ga abin ya bayyana a shafinsa, sai ta cire shi daga nata, ta koma aji ta zana wa yara dutse mai aman wuta.

Washegari malamai suka cika ɗakin kwamfuta. Mai horo ta ce yadda take yi shi ne, a haska rubutun ƙarshe na kowa a bango, mai shi ya karanta da bakinsa. Mataimaki ne farko. Ya yaye mayafi, ya danna nan, ya danna can, ya ce lantarkin ne ba ƙarfi.

"Bari in taya ka, ranka ya daɗe," in ji Malama. Ta kunna, ta daidaita hasken, ta ƙara girman baƙaƙen yadda na baya ma zai gani.

Ya fara da muryar nan tasa mai daɗi. Majigi ya ƙi, yara sun yi surutu. Ya ci gaba, kai a sama.

"Gaskiyar magana kuwa, tun da na karɓi makullin ɗakin nan ban taɓa..."

Ya tsaya. Amma bango bai tsaya ba, kuma malamai sun iya karatu. Malamin lissafi ne ya ɗauka daga inda ya yanke, da ƙarfi: ban taɓa kunna majigin ba, ban san inda ake soka igiyarsa ba, duk kurakuran da ke shafin nan na aro ne, mai su tana aji tana shan ƙurar alli.

Gumi ya tsattsafo wa Mataimaki a hanci. In ya ce ba shi ya rubuta ba, za a tambaye shi yadda aka yi ya zo shafinsa. Ya dubi Malama. Ita tana duban farcenta.

Mai horo ta sauke tabarau na goshi ta ɗora a kan na ido.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne."

"Madalla! Duk yawona ban ga malamin da ya faɗi gaskiya a kan kansa haka ba. A tafa masa."

Aka tafa. Malama ta fi kowa tafi, har tafinta ya yi ja.

"Sai ka mai da makulli ga mai shi," in ji mai horo, bayan an nuna mata Malama. "Kuma tunda kana son koyo, kowane mako ka riƙa zama a darasinta, ka rubuta abin da ka koya. Ni da kaina zan riƙa karantawa."

Ya miƙa makullin da yatsu biyu. Ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna.

Da makon ya zagayo ya shigo ɗakin bayan yara sun zauna, yana waige-waigen kujerar malami. Ta riga ta sa an fitar da ita. A sahun gaba, tsakanin wasu 'yan mata biyu masu yawan dariya, akwai wata 'yar kujera da ko gwiwarsa ba ta kai ba.

"Bismilla, ranka ya daɗe," ta ce, ta miƙa masa igiya. "Yara, ku yi shiru, muna da sabon ɗalibi. Yau zai nuna mana inda ake sokawa."