Wanda Zai Faɗa wa Mama

Duk gidan an san Babban Yaya ne kaɗai Allah ya ba zuciyar ɗaukar mummunan labari. Shi da kansa ya sanar da hakan, kuma ba a taɓa musa masa ba. Saboda haka ranar karɓar sakamakon gwajin Baba, tsohon direban tirela da tari ya hana barci tun bara, shi ya shige gaba riƙe da jakar takardu. Matar Babban Yaya, wadda har yau ake kira Amarya duk da 'ya'ya uku, ta biyo baya da gorar ruwa da ledar magunguna.

A bakin ƙofar ofishin likita ya ja mata kunne kada ta yi kuka ta ba shi kunya.

Likitar ta rufe kwamfutarta, ta jawo kujera ta zauna gefen Baba. Tun kafin ta buɗe baki Babban Yaya ya hango hoton ƙirjin Baba a jikin allon bango, nan take ya tuna ya ajiye mota inda aka hana ajiyewa. Ya fita.

Likita ba ta ko bi shi da kallo ba. Ta tambayi Baba abin da shi ya fahimta game da tarin nan, da kuma ko yana so ya ji komai yau ko kaɗan-kaɗan. Baba ya ce duk tsawon tuƙinsa bai taɓa gode wa wanda ya ɓoye masa rami a hanya ba.

"Baba, ciwon daji ne a huhunka na dama," in ji ta. "Ya fara yaɗuwa. Ba zan ce maka zai warke ba. Amma muna da abin da zai sauƙaƙa maka numfashi da zafin, kuma muna tare da kai."

Sai ta yi shiru. Amarya ba ta taɓa ganin likita ya yi shiru don wani ba. Ko sigari likitar ba ta ambata ba, alhali Baba ya zo da amsarsa a shirye. Can ta juyo wajen Amarya, ta tambayi wa ke ba shi magani, wa ke tashi in tarin ya taso, kuma ita yaushe rabonta da barcin kirki. Babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Ta fashe da kuka, ta ba mijinta kunya a bayan idonsa.

Baba ya miƙa mata hankicinsa. "Haba Amarya, ni aka faɗa wa, ke kike aikin?"

Da za su fita ya yi wa likitar godiya sau biyu, irin wadda yake yi wa mai nuna masa hanya a garin da bai sani ba.

Sun tarar da Babban Yaya jingine da motar, wadda ke zaune daram a inda ya kamata. Ya saurari bayani, ya gyaɗa kai, ya ce dama ya yi zargin haka. A gida ya hau waya yana ba ƙannensa labarin yadda aka fuskanci likita ido da ido. Baba ya sa masa albarka, sannan ya ce a hankali, uwarsu tana kicin, shi ba zai iya faɗa mata ba. Babban Yaya ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya ce wannan magana ce ta mata.

Amarya ta sami Mama tana yanka albasa. Ta kashe murhu, ta jawo ƙaramar kujera ta zauna gefenta.

"Mama, me kika fahimta game da tarin nan na Baba?"

Mama ta ajiye wuƙar.