Zuciyar da Ake Juyawa da Yatsa

Tun da injiniyoyi suka duba tsagar da ta fito a bangon benen makarantar suka ce kada yaro ko ɗaya ya sake hawa sai an gyara, aikin Malama ya koma kan teburin cin abinci na gidanta. Nan take kafa kwamfutar da makaranta ta ba ta aro, ta tokare ta da tulin littattafai don kyamara ta yi daidai da fuskarta, ta ture makullan maigidanta gefe, ta koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare ilimin halittu.

Ta daɗe tana koyarwa, har wasu daga cikin iyayen ɗalibanta ma ta hannunta suka bi. A aji, kallo ɗaya ya ishe ta sanin wanda ya gane da wanda yake gyaɗa kai kawai don a rabu lafiya. Yanzu kuwa ba abin da take gani sai ƙananan akwatuna baƙaƙe, kowanne da suna a ƙasa. Yaran sun kashe kyamara, wai data na gudu. Idan ta ce, “Kun gane?” sai ta ji kukan jariri daga wani gida, ƙarar injin niƙa daga wani, can sai wani ya ce, “Mun gane, Malama,” da muryar wanda bai gama farkawa ba.

“Ni fa bango nake koyarwa,” ta ce wa malamar kwamfuta a waya. “Bangon ma gara na makaranta, shi ya tsage an san yana da matsala.”

Malamar kwamfuta ta yi dariya, ta zo har gida da rana ta nuna mata abubuwa biyu a intanet. Na farko zuciyar mutum ce da aka zana kamar ta gaske, tana bugawa. Kowane ɗalibi zai iya buɗe ta a wayarsa, ya juya ta da yatsa, ya raba ta biyu ya ga jini na shiga yana fita. Na biyu allo ne fari wanda kowa zai iya liƙa tambaya a kai ba tare da sunansa ya fito ba.

“Ba suna?” Malama ta ce. “Ai sai su maida ni abin wasa.”

“Za su maida ke. Ki daure musu, su gaji.”

Haka kuwa aka yi. Ranar farko wani ya zana ta da gilashi kamar tayar mota, wani ya tambaya ko zuciyar da aka yaudara ita ma ɗaki huɗu gare ta. Malama ta ce huɗu ne, sai dai ɗaya babu kowa a ciki, aka yi ta turo alamar dariya. Da aka gaji da shirme sai tambayoyin gaske suka fara fitowa, waɗansu ma kan abin da ta ɗauka an wuce wurin tun bara. Ta ji nauyin hakan a ranta, amma ta koma baya ta sake bayani.

Cikin tambayoyin akwai waɗansu da suka fita daban. Ba a gutsure kalmomi irin na yaran yanzu, kuma kullum da gaisuwa suke farawa. “Malama, barka da aiki. Idan bawul ɗaya na zuciya yana yoyo, shi ke sa mutum haki in ya yi 'yar tafiya?” Washegari kuma: “Malama, barka da aiki. Me ya sa ƙafa ke kumbura alhali ciwon a ƙirji yake?”

Malama takan ce kowa ya buɗe zuciyarsa a waya, ya taɓa bawul ɗin hagu, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, ya ja shi ya bar shi a buɗe, ya ga yadda jini ke komawa baya maimakon ya wuce. Sai allo ya cika da wasu tambayoyin. Ta lura ajin ya fi rai duk ranar da mai gaisuwar nan ya yi magana. Ta yi ta zaton wane ne, ta kasa.

Ana cikin haka wani ya zana shugaban makaranta a allon, da tumbi da komai. Wani ya ɗauki hoton, hoto ya shiga zauren iyaye a waya, kafin yamma shugaba ya kira ta.

“Malama, ke ce babba a cikinmu, ba na son in yi miki faɗa. Amma daga gobe duk wanda zai yi rubutu, sunansa ya fito. Kuma a tuna wa yara, darasin nan na ɗalibai ne kaɗai, ban da 'yan kallo.”

Ta so ta yi gardama, amma ta ga zanen, kuma gaskiya wanda ya yi shi ya wuce gona da iri. Ta ce to.

Da sunaye suka fito, allon ya bushe. Sai 'yan gaban aji, waɗanda dama ba sa jin kunyar magana, su ma tambayar da suka san amsarta suke yi. Ana dab da tashi rannan sai ga rubutu ya faɗo: “Malama, barka da aiki. Mai irin wannan zuciyar yana daɗewa?” A ƙasansa ga sunan wata yarinya da 'yan aji ke kira 'Yar Lungu, don a makaranta kullum a kusurwar baya take zama, ba ta ɗaga hannu ko da ta san amsa.

Malama ta ce lokaci ya ƙure, ta rufe darasi. Sannan ta kira lambar yarinyar.

“Ke, gaya mini gaskiya. Ba ki da lafiya ne?”

“Lafiyata ƙalau, Malama.” Ta rage murya. “Ba ni ba ce. Baba ne. Bai san an sa suna ba. Don Allah kada ki gaya wa shugaba, kada a cire ni.”

“Ba mai cire ki. Kwatanta mini gidanku.”

Gidan yana bayan wani garejin manyan motoci, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Uwar yarinyar ta tarbe ta, ta kawo ruwa, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Uban yana kishingiɗe a doguwar kujera, an tara masa matasai a baya, ƙafafunsa a kan bokitin da aka kife. Babban mutum ne mai faɗin kafaɗa, amma rigar ta yi masa yawa. Direban tirela ne, ciwon ya sauke shi daga mota.

“Malama, ki yi haƙuri, na shiga ajinki ba sallama,” ya ce. Yana magana yana tsayawa ya ja numfashi. “Waya ɗaya ce a gidan, ɗakin kuma kin gan shi. Tana karatu ina kwance ina ji. Ranar da kika nuna abin nan na ce, ke, miƙo in gani. Na ga bawul yana buɗewa yana rufewa. Na ce ashe abin da ke cikina ke nan.”

“Ba a yi maka bayani a asibiti ba?”

“An yi. Likita na da kirki, amma layi ya yi masa yawa. Yana magana da sauri, rabi da Turanci, ni kuma sai in ce to, to. Mutum da girmansa, ya ce bai gane ba a gaban matarsa?” Ya yi murmushi. “A allonki kuwa ba wanda ya san ni.”

Malama ta dubi ƙafafunsa, ta dubi yarinyar da ta raɓe a jikin bango. Ta san tambayar da ta kawo ta, ta kuma san ba ta da amsarta. A hanya ta shirya kalmomi masu daɗi, yanzu duk ta ji ba za su fita daga bakinta ba.

“Baban yara, tambayarka ta yau ta fi ƙarfina. Ni yadda zuciya ke aiki na sani. Taka zuciyar kuwa likita ne ya gan ta, ba ni ba. In na ce maka eh ko a'a, ƙarya na yi.”

Ya ɗaga ido ya kalli silin. “Na gode da ba ki lallashe ni ba,” ya ce.

“Amma zan iya taya ka ka san abin da za ka tambaye shi. Ke, kawo wayar.”

Suka buɗe zuciyar. Yatsansa kauri gare shi, in ya taɓa sai ta wuntsila ta juya masa baya, yarinyar ta gyara. Malama ta sa shi ya faɗa da bakinsa, kamar ita ce likitan: wane bawul ne, yoyo yake ko ya tsuke, maganin gyara yake yi ko rage wahala, akwai aikin da za a iya yi ko babu. Ya maimaita har ya daina in-ina.

“In ya yi sauri fa?”

“Ka ce ya taka burki.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa ta matso da ruwa.

Washegari Malama ta je wurin shugaba da kanta, a ɗan ofishin ƙasa da ya rage ana amfani da shi, ƙarar masu fasa bango na sauka a kansu. Ta gaya masa komai. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

“Yanzu in na bar uba ɗaya, gobe kakanni za su cika ajin.”

“In sun zo da tambaya irin tasa, ina so.”

Bai ce eh ba, bai ce a'a ba, wanda a wurinsa eh ke nan. Kan batun sunaye suka tsaya a tsakiya: Malama za ta riƙa ganin sunan mai rubutu, 'yan aji ba za su gani ba. Tambayoyi suka dawo, ko da yake ba kamar da ba. Waɗansu yaran ita ɗin ce ma suke jin kunya, kuma ba ta sami yadda za ta yi da wannan ba. Direban ya ci gaba da zama a darasi har aka wuce zuciya aka shiga huhu da ƙoda. Yara suka gane shi, suka sa masa Baban Aji.

An gama gyaran bene an koma makaranta ba da daɗewa ba, 'Yar Lungu ta same ta a ɗakin malamai. Ta ce Baba ya yi wa likita tambayoyinsa duka, likitan ya ajiye biro ya juyo da kujera ya amsa masa. An ce akwai aikin da za a iya yi, ba alkawari, amma akwai. Ya yi shawara da 'yan'uwansa ya amince. An kwantar da shi, gobe za a shiga da shi tiyata.

Bayan an tashi Malama ta wuce asibitin. Ta tarar yana barci, an sa masa robar iska a hanci. Matarsa na zaune a benci a baranda, da kwandon kwanuka a gefenta. Suka gaisa, Malama ta zauna kusa da ita. Ma'aikatan jinya na ta wucewa da keken marasa lafiya.

Can matar ta gyara mayafi, ta yi ƙasa da murya.

“Malama, shi ya gane, yarinyar ma ta gane. Ni duk lokacin da kuke yi ina wajen girki ko wanki. Sun ce za su buɗe ƙirjinsa su canza wani abu. Ban san mene ne ba, kuma ba na son in tambaye shi ya ga tsorona.” Ta dubi jakar Malama. “Abin nan yana wayarki?”

“Yana nan.”

Malama ta ciro wayar ta matso har kafaɗunsu suka haɗu. Sabis ɗin barandar ba shi da ƙarfi, shafin ya daɗe yana juyi kafin ya buɗe. Da zuciyar ta fito tana bugawa, matar ta ɗan ja baya, sannan ta goge hannunta a zane.

“A ina zan taɓa?”

“Nan, ta hagu. A hankali, Maman yara. Ba ta fashewa.”