Mararrabar Hanyar Lorne Hrycak

Shekara goma sha shida Lorne Hrycak ya yi yana buga gaba a wasan hoki na ƙanƙara, ya zura faifan wasan a raga sau ɗari biyu da 'yan kai. A zamaninsu, idan aka maka kan mutum da katangar fili ya zube, mai ba da magani yatsu kawai yake ɗaga masa.

"Nawa ka gani?"

"Uku."

"Biyu ne, amma ka yi kusa. Koma ciki."

Su uku ne a layin gaba: shi, da Réal Cormier, da Dougie Sveinson. Dougie yana gidan kula da tsofaffi tun bai cika sittin ba, 'ya'yansa mata ma ba ya gane su. Réal kuwa bara aka binne shi.

Ranar wata Lahadi, Lorne da matarsa Marlys sun gama cin abincin rana ke nan, Ginette matar marigayi Réal ta kira waya daga garin Moncton.

"Lorne, likitocin da na ba izinin duba ƙwaƙwalwarsa sun aiko da sakamako," in ji ta. "Sun ce dukan da ya sha a ka ne ya cinye ta kaɗan-kaɗan. Duk faɗan nan da ya riƙa yi mini, ashe ciwo ne." Ta ƙara da cewa, "Kai ka fi shi shan duka. Ka je a duba ka."

Ya yi mata godiya ya ajiye wayar. Marlys tana tsaye bakin kicin, ta ji komai.

"Kar ki soma," ya ce. "Ni lafiyata ƙalau. Bari in sayo burodi."

Ya saya, ya kamo hanyar gida. A mararrabar da ke gaban rumbun alkama ya taka birki. Shekara ashirin yana bin wurin nan, amma yau ya duba dama ya duba hagu, duk dusar ƙanƙara ta rufe fari fat, bai san wacce ce tasa ba. Ya san yana da gida, har launin ƙofar yana gani a ransa. Hanyar ce babu. Gumi ya karyo masa cikin sanyin nan.

Bai san tsawon zaman da ya yi ba, sai ya ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Orest ne, maƙwabcinsu manomi, mai kiransa da lambar rigarsa ta wasa.

"Lamba sha ɗaya! Alƙalin wasa ne ya kore ka, ka zauna a nan? Minti biyun hukuncin ai sun wuce tuni."

Lorne ya ƙaƙalo dariya. "Injin ne ke mini gardama. Wuce gaba, in bi ka a baya ko zai mutu."

Orest ya saurari injin, ya ji yana aiki sumul. Ya dubi Lorne, fara'ar ta bar fuskarsa. Ya shiga motarsa ya ja a hankali, Lorne na bin sa a baya, har ƙofar gidan Lorne.

Marlys na bakin taga. Da ya shigo ya miƙa mata burodin, sannan ya ɗora makullin motar a kai.

"Daga yau ke za ki riƙa tuƙa mu."

"Yau ne karo na farko da hanya ta ɓace maka?" ta tambaya.

"Na uku."

Ta zauna a kan kujera tana riƙe da makullin. Washegari ta samo musu ganin likita a birnin Regina, ranar Alhamis ƙarfe goma. Kafin Laraba ta yi, sau huɗu ya tambaye ta inda za su je.