Sakin Layin da Darakta Ya Sa Aka Goge

Ranar Litinin Darakta ya kira ni malalaci a gaban ma'aikata, wai ban gyara rahoton da zai gabatar wa hukumar gudanarwa ba. Ni kuwa, akawun da ya shekara ashirin da shida a wannan ofis, na gyara. A kwamfutata gyaran yana nan, a tasa babu. Ya ba ni zuwa Juma'a in kare kaina a rubuce, ko a dakatar da ni.

Na nemo injiniyar da ke kula da na'urorinmu. Ta buɗe rahoton a kwamfutoci huɗu, duk gyararre. Sannan ta leƙa ofishin Darakta ta taga, ta yi dariya.

"Baba, dubi wayar can a ƙasa."

Ta yi mini bayani. Rahoton yana zaune ne a babbar na'ura, kowace kwamfuta tana riƙe da kwafinta don saurin buɗewa. Idan an yi gyara, babbar takan aika sanarwa a zubar da tsohon kwafi. Shi kuwa Darakta yakan zare wayar sadarwa duk lokacin da zai fita, don tsoron masu leƙen asiri. Sanarwar takan zo ta tarar da ƙofa a rufe, kwamfutarsa ta ci gaba da gaskata abin da ke hannunta.

"Aikin minti ɗaya ne," in ji ta. "In shiga?"

"A'a, 'yata. Shi ya kafa doka, ba a taɓa kwamfutarsa sai da izini a rubuce."

Na rubuta takardar neman izini da kyakkyawan rubutu, na haɗa da bayaninta, na sa su a hanyar da doka ta tsara: tebur uku, kowanne kwana guda.

Ranar Laraba Darakta ya ji cewa sabon ginin da ya kira "ɓarnar marasa tunani" a rahoton, shawarar Shugaban hukuma ce. Ya zo da sauri ya tsaya a kaina.

"Goge wannan sakin layi. Ina kallo, tunda ba a yarda da kai."

"An goge, ranka ya daɗe."

Kuma da gaske na goge, a kwamfutata.

Ranar Alhamis Darakta ya ɗauki kwamfutarsa, mai riƙe da tsohon kwafi, zuwa ɗakin taro, ya haska rahoton a bango, haruffa manya-manya. Ina gefe ina rubuta bayanin taro. Shugaba ya gyara tabarau, ya karanta sakin layin a bayyane, a hankali, har sau biyu.

"Darakta, su wane ne marasa tunanin?"

Na rubuta tambayar. Wurin amsa kuwa, na bar shi fili.

Ranar Juma'a takardata ta isa teburin Darakta. Ya sa hannu a izinin, ya janye maganar dakatarwa, bai ɗago kai ba. Injiniya ta zubar da tsohon kwafin cikin minti ɗaya, kamar yadda ta faɗa.