Abin Kunnen Inna Safiyatu

"Inna, kin ji ni yanzu?" Almustapha ya tambaya, yana murza ɗan maɓallin da ke bayan kunnen uwarsa.

Ina zaune a bakin ƙofa ina ɓarar wake. Inna Safiyatu ta kawar da kai, ta zuba wa randa ido. Ta ji shi sarai, don na ga gefen bakinta ya motsa. Amma shi ɗan farinta ne. Tunda ta haife shi ba ta kama sunansa, ba ta amsa masa magana kai tsaye. "Mutumin Katsina" take ce masa. Shi kuwa a hannun kakarsa ya tashi a Safana, daga can ya wuce birni sayar da wayoyi. Da ya ji shiru sai ya ƙara murzawa. Na'urar ƙara jin ta yi wani fito, har kaji suka ɗaga kai.

Wannan ta biyu ke nan da ya kawo mata nan ƙauyenmu Wagini. Ta farko ƙarama ce, kuma ta yi amfani, don da ita Inna ta koma jin kiran salla. Laifinta ɗaya, ba ta sa uwar ta amsa masa ba.

Bayan ya fita ta matso kusa da ni. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, ni take faɗa wa abin da ba ta faɗa wa 'ya'yanta.

"Atika, kamar injin niƙa aka kafa mini a ka."

Na ce ta cire mana.

"Da hannunsa ya sa. In cire, ya ce na raina abinsa?"

Na tarar da shi a zaure yana shirin hawa babur. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma ranar na yi. Na ce masa jinta ya ragu, gaskiya ne, sai dai shirun da take masa kunya ce. Na roƙe shi ya kai ta asibiti a auna kunnen tukuna. Ya ce hanya ba lafiya, ba zai ɗora tsohuwa a kanta ba, kuma wanda ya sayar masa ya ce akwai mai ƙarfin da ya fi wannan. Sai ya yi dariya.

"Gwaggo, karatun yaƙi da jahilcin nan har ya kai likitanci?"

Na juya na koma ciki. Ya bar wa ƙanwarsa Mahfuza sallahu kada a cire, kuma kullum sai ya bugo waya ya ji ko tana sanye da ita.

Haka ta ci damina da abin nan yana ihu a kanta. In an buga turmi sai ta runtse ido. Kafin a yanke gero, sai na sa baki a kunnenta take jina. Kafin a gama sussuka, ko hakan ya daina yi. Kowa a gidan ya ce tsufa ne. Tsufan da bai cinye kunnen ba a shekaru, shi zai cinye shi tsakanin shuka da girbi?

Wata rana muna tsince wake ta ce, da muryar da ta fi ƙarfin ɗakin don ba ta jin kanta, abu ɗaya take tsoro: ranar tafiya ta zo, a laƙanta mata kalmar shahada ta kasa ji.

Zazzaɓi ya kwantar da ita bayan kaka. Almustapha ya iso da la'asar, da na'ura ta uku a aljihu, mai girma kamar ƙwaron kashi. Numfashinta ya riga ya fara sarƙewa. Ya cusa mata, ya murza har ƙarshe, ya sunkuya yana kwarara kalmar da mu muka san a hankali ake faɗinta. Jikinta ya zabura, leɓenta bai motsa ba. Mahfuza ta toshe baki tana kuka. Ya sake, ya sake. Sai ya miƙe ya ce batir ne ya yi sanyi, akwai sabo a jakarsa a zaure.

Yana fita na zare abin na ajiye a ƙasa. Cikin kunnen ya kumbura, ya yi ja.

Na tallafo kanta, na kawo fuskata daidai tata har idonta ya same ni. Na ɗaga manuniyata, na motsa leɓena a hankali, ba murya. Ta daɗe tana kallo. Sai hannunta ya motsa a kan bargo, yatsa ɗaya ya miƙe, leɓenta ya bi nawa har ƙarshe.

Daga zaure muna jiyo shi yana zazzage jaka. Yatsan ya tsaya a miƙe ɗan lokaci, sannan ya kwanta cikin 'yan'uwansa.