Goran Toka

Hambali ya zalunci uwarsa, kuma babu wani suna da za a ba abin da ya yi sai wannan.

Inna Sabuwa ta shigo Gwarzo daga Gude da aure, da wani ɗan gora a cikin kayanta. Irin kuɓewa ne a ciki, da na yakuwa da kabewa, an cakuɗa da toka don kada ƙwari su ci. Haka ta ga uwarta tana adana iri. Bayan ɗakinta akwai fili da bai fi shimfiɗar 'yan tabarmi ba, nan take shukawa.

Da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, albashin mijinta na masinja ya daina kai ƙarshen wata, wannan fili ne ya riƙe gidan. Ko ruwan wanke-wanke ba ya zuba a banza. Kabewa takan haye katanga ta kwanta a rufin maƙwabta, Inna ta ce wadda ta tsallaka rabonsu ce. Kuɓewarta gajera ce mai kauri, ga yauƙi. Ta yanka, ta shanya a faifai, a sha miya har wata damina. Har yau tana tuna ƙamshin ƙasar nan bayan ruwan farko.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Hambali ya fara zuwa wa'azi, abu mai kyau. Sai dai karatun kwana biyu ya fi jahilci haɗari. Ana jiran ruwan shuka, Inna ta tafi taron suna a Lakwaya, ya ga gora rataye a lungun ɗakinta, an toshe bakinsa da tsumma. Ya jefa shi murhu.

"Ina gorana?" ta tambaye shi da ta dawo.

"Na ƙona shi, Inna. Zamanin tsubbu ya wuce."

"Ka buɗe?"

"Na leƙa. Toka ce."

"Toka ce. Sannu, Malam." Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Miyar da ta yi maka wannan wuyan, daga ina kake zaton take fitowa? Daga sakatariya?"

Ba ta yi kuka ba. Ta tura shi Gude ya nemo irin gidansu. Ya bi dangi gida-gida, kowa ya ce ai yanzu na kanti ake saya, na leda. Wanda ya kawo ya tsiro, ya yi tsawo, amma miyarsa kamar ruwa. Irin uwarta ya tafi ke nan.

Addini bai ce a yanke hukunci ba tare da tambaya ba, kuma uwarsa tana da baki.

Kawunsa Mijinyawa ne ya yanke masa nasa hukuncin. Hambali ya nome bayan ɗakin shi kaɗai, kuma daminar nan gaba ɗaya gayan tuwo ya ci, ba a zuba masa miya ba.